Yadda Ake Tantance Ƙarkon Injin Turbo a Manyan Motocin A-kori-kura Kafin a Saya

Manyan motocin a-kori-kura na kasuwar Amurka, wato Ford F-150 da Chevrolet Silverado da GMC Sierra da Ram 1500 da Toyota Tundra, an daɗe da saninsu da ƙaton inji mai silinda takwas wanda ke shaƙar iskarsa da kansa. Dokokin gwamnatin Amurka na rage shan mai da hayaƙi ne suka matsa wa kamfanonin, har suka koma ƙera ƙananan injuna suna ɗaura musu turbo domin su ba da ƙarfin da manyan ke bayarwa. Ford ce ta fara a 2011 da injin EcoBoost mai lita 3.5, General Motors ta biyo baya a 2019 da inji mai silinda huɗu kacal, Toyota ta jingine tsohon injinta mai lita 5.7 a 2022, sannan Ram ta kawo injin Hurricane a motocin 2025, ko da yake ƙorafin masu saye ya sa ta dawo da injin Hemi a motocin 2026.

Mai niyyar sayen ɗaya daga cikin waɗannan motoci yakan tambaya ko injin turbo yana da ƙarko, kuma wannan tambaya ba a amsa ta a dunƙule. Idan aka bi manyan matsalolin da suka fito fili, za a ga cewa yawancinsu ba daga turbo ɗin kansa suka taso ba, sun taso ne daga kuskuren masana'anta a wasu watanni ƙayyadaddu, ko daga wani ɓangare da aka zana da rauni, ko daga sakacin juyen mai. Saboda haka abin da za a tantance shi ne wane inji ne, na wace shekara, kuma yaya aka riƙe shi.

Mataki na farko: a san nauyin da turbo ke ɗora wa inji

Turbo yana aiki ne kamar zugazugin maƙera: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata ƙaramar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya gefen, wadda ke cusa iska cikin silinda da ƙarfi, sai a ƙara fetur daidai da iskar, wuta ta ƙara ƙarfi. Sandar da ke haɗa fankokin biyu tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti guda, zafin hayaƙin da ke bi ta kanta kuma yana iya kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ke raba wannan sanda da gidanta shi ne ɗan siririn baƙin mai, kuma man nan shi ne dai wanda ke zagaya karanshaf da sarƙar tayimin.

Daga nan ake gane cewa ƙaramin inji mai lita 2.7 da ke jan abin da a da sai mai lita 5 ke ja yana ɗauke da matsi da zafi masu yawa a kan kowane fistin. Kamfanonin sun san haka, shi ya sa suke ƙarfafa gangar injin da karanshaf, suna kuma fesa mai a ƙarƙashin fistin domin sanyaya shi. Amma sassan sun ƙaru: akwai na'urar sanyaya iska, da ƙofar rage matsi, da famfon fetur mai matsi sosai, da tiyoyi da sensa masu yawa. Injin yana iya daɗewa, sai dai ba ya yafe sakaci yadda tsofaffin injuna ke yafewa.

Mataki na biyu: a tabbatar da injin da shekararsa

Kada a dogara da abin da dillali ya faɗa. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, kuma harafi na goma a cikinta shi ke nuna shekarar samfurin: H na 2017, J na 2018, K na 2019, L na 2020, M na 2021, N na 2022, P na 2023, R na 2024, S na 2025. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ke nuna wata da shekarar da aka harhaɗa motar, kuma wannan watan yana da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa lahanin masana'anta yana shafar motocin wasu watanni ne kawai.

Mataki na uku: a san raunin kowane inji

Injin Ford mai lita 3.5 shi ne ya fi kowanne daɗewa a kan titi, don haka an fi sanin halinsa. Zubi na farko, daga 2011 zuwa 2016, an san shi da miƙewar sarƙar tayimin, wadda ke bayyana da ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙoƙi idan aka tayar da inji da safe. Motocin shekarun farko sun kuma yi fama da taruwar ruwa a cikin na'urar sanyaya iska lokacin damshi, ta yadda idan direba ya taka totur kwatsam injin kan haɗiyi ruwan ya yi tuntuɓe. Zubi na biyu ya zo a 2017 da nozul iri biyu da giya goma, amma motocin 2017 zuwa 2020 sun yi ƙaurin suna da ƙarar gilolin da ke daidaita lokacin buɗe bawul, har Ford ta fito da shiri na musamman na gyara su. Gyaran yana cin kuɗi ne saboda sai an kwance gaban injin gaba ɗaya. Duk da haka, da yawa daga cikin waɗannan injuna sun wuce kilomita 300,000 suna aiki, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan turbo ke da ita.

Ƙaramin injin Ford mai lita 2.7, wanda ya fito a 2015, ana yi masa kallon mai ƙwari saboda irin ƙarfen da aka yi gangarsa da shi. Motocin farko sun riƙa yoyon mai ta kwanon ƙasa na roba. A 2024 kuma Ford ta yi kiranyen motoci, wato ta kira masu su su kawo su a gyara kyauta, kusan 90,000 masu injin lita 2.7 da lita 3.0, cikinsu har da F-150 na 2021 da 2022, saboda bawul ɗin shigar iska da ke iya karyewa ya faɗa cikin silinda. Wannan lahani ya shafi injunan da aka ƙera a wasu watanni na 2021 ne, kuma galibi yana bayyana tun motar tana sabuwa.

Labarin Toyota Tundra shi ne ya fi girgiza mutane, saboda sunan da kamfanin ya yi na ƙarko. Sabon injin mai silinda shida da turbo biyu, lita 3.4, ya fara ne da matsalar na'urar da ke buɗe ƙofar rage matsi a motocin farko na 2022. Babbar matsalar ta bayyana a watan Mayun 2024, lokacin da Toyota ta yi kiranyen motoci kusan 102,000, Tundra da Lexus LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun daga masana'anta, wanda ke cinye metal ɗin karanshaf, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kanta, har injin ya buga. Bayan wata biyu kamfanin ya sanar cewa zai sauya wa kowace mota inji gaba ɗaya kyauta. A watan Nuwamban 2025 aka sake wani kiranyen na motoci kusan 127,000 a kan wannan dalili, wanda ya kai har motocin 2024 ya kuma haɗa da Lexus GX. A lura cewa turbo ba shi da laifi a nan, rashin wanke gangar inji da kyau ne ya jawo. Amma a ganina inji mai matsi irin wannan ba ya jure ƙazanta ko kaɗan. Wannan dangin inji ne ke cikin Land Cruiser 300 mai fetur, wadda ake gani a titunan Abuja da Kano da Yamai, don haka batun bai tsaya ga Amurka ba.

Injin General Motors mai silinda huɗu, lita 2.7, an yi masa ba'a da ya fito, ana cewa ya yi wa babbar mota kaɗan. An ƙarfafa shi a 2022, daga baya aka raɗa masa suna TurboMax, a motocin 2024 kuma kamfanin ya tsawaita garantinsa zuwa shekara biyar ko mil 100,000, wato kusan kilomita 160,000, daidai da na injin dizal. Abin da ya kamata a sani shi ne babban kiranyen da kamfanin ya yi a watan Afrilun 2025, na motoci kusan 600,000 a Amurka, ya shafi injin silinda takwas ne mai lita 6.2 wanda ba shi da turbo, saboda lahani a karanshaf da sandunan fistin. Wanda ya guji turbo ya koma silinda takwas da tunanin ya tsira, sai ya sake lissafi.

Injin Hurricane na Ram, silinda shida a jere da turbo biyu, yana ba da ƙarfin doki 420 a samfurin gama-gari da 540 a samfurin ƙarfi, kuma na biyun yana buƙatar fetur mai daraja. Shekarunsa a cikin a-kori-kura kaɗan ne, don haka wanda ya saye shi yana cikin masu gwaji na farko, kuma ya kamata ya riƙe garanti da muhimmanci.

Mataki na huɗu: a bincika kiranye kafin a biya kuɗi

Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana da shafi a intanet inda ake saka lambar shasi kyauta a ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba. Idan Tundra ce ta 2022 ko 2023, a nemi takardar da ke nuna an sauya injin, da ranar da aka sauya, da kilomitar da motar take a lokacin.

Nan ne mai shigo da mota ta Legas ko Kwatano ya kamata ya yi taka-tsantsan. Gyaran kiranye ana yinsa ne a garejin dilolin kamfani na ƙasar da aka sayar da motar, kuma da zarar ta hau jirgin ruwa samun wannan gyara kyauta ya zama abu mai wuya. Da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga gwanjon kamfanonin inshora suke, wasu sun yi hatsari, wasu ambaliya ta shafe su, kuma irin waɗannan garantinsu kan faɗi. Idan motar tana Amurka ko Kanada tukuna, a sa wakili ya tabbatar an yi gyaran kafin a loda ta. Idan ta riga ta iso da kiranyen inji a buɗe, to a cire kuɗin sabon inji daga farashinta, ko a haƙura da ita.

Mataki na biyar: a karanta tarihin juyen mai da awoyin inji

A nemi rahoton tarihin motar irin na Carfax, a duba tazarar da ke tsakanin juyen mai. Motar da ake yi wa juye duk kilomita 8,000 ta fi kwantar da hankali a kan wadda ake ja har 16,000, ko da littafin kamfani ya yarda da hakan. Yawancin waɗannan motoci suna nuna awoyin da inji ya yi yana aiki a allon dashbod, wasu har da awoyin da ya yi a silo, wato yana kunne motar tana tsaye. A raba kilomita da awoyi domin a sami matsakaicin gudu. Motar da ta yi kilomita 120,000 a awa 2,400 ta yi matsakaicin kilomita 50 a awa, wanda ke nuna tafiyar hanya. Idan kuma kilomita 120,000 ne a awa 6,000, to ko dai motar wurin aikin gini ce da ke wuni a kunne, ko an mayar da lambar kilomita baya, kuma duka biyun suna rage mata daraja.

Mataki na shida: a duba injin yana sanyi

A sharɗanta wa mai sayarwa cewa kada a tayar da motar kafin a zo, a kuma taɓa injin da hannu a tabbatar ya kwana. Mutum ɗaya ya tayar, ɗaya ya tsaya a gaba da bonet a buɗe yana saurare. Ƙarar kacau-kacau ta daƙiƙa biyu zuwa biyar alamar sarƙar tayimin ce ko gilolinta. Bugu mai nauyi daga ƙasan inji wanda ke ƙaruwa da totur alamar metal ce, kuma a nan ciniki ya ƙare. A koma baya a dubi salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna mai na ƙonewa, ko ta turbo ko ta ringi, farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama kuma yana nuna ruwa na shiga silinda.

A buɗe murfin mai a haska ciki da tocila, a ga ko akwai baƙin dasƙararren datti. A sa bakanike ya zare tiyon da ke fita daga turbo: ɗan maiƙo a ciki ba komai ba ne, amma mai kwance yana nuna turbo ya fara zubarwa. A leƙa ƙarƙashi a bi bututun mai da na ruwa da ke shiga turbo, domin mahaɗarsu wuri ne da yoyo ke yawan farawa. Idan mai motar ya yarda, a sauya matacin mai a yanka tsohon a baje takardarsa a rana. Ƙyalƙyalin ƙarfe ko na tagulla a ciki shaida ce da ba ta ƙarya, kuma ga Tundra wannan gwaji ya fi kowanne amfani.

Mataki na bakwai: na'urar bincike da gwajin hanya

A jona na'urar bincike ta kwamfuta kafin a fita. Lambar P0299 tana nufin turbo ba ya ba da isasshen matsi, P0234 matsin ya wuce kima, P0016 da P0017 suna nuna tayimin ya goce, P0300 kuma wuta na tsallake. Rashin lamba ba ya wanke mota, domin ana iya gogewa da safe kafin mai saye ya iso. Na'urar tana nuna ko gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta sun kammala. Idan yawancinsu ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire batir, sai a yi tafiya mai tsawo a sake jonawa.

A kan hanya, bayan inji ya ɗumama sosai, a taka totur har ƙasa daga gudun kilomita 60 zuwa 110, a maimaita sau da dama, a hawa idan da hali. Jan ya zama sumul ba tare da tuntuɓe ko karkarwa ba. Siririn fito daga turbo ba laifi ba ne, amma kuka irin na jiniya yana nuna fankar na gogar gidanta. A tambaya ko an taɓa sauya manhajar kwamfutar injin domin ƙara ƙarfi, domin hakan ya zama ruwan dare a motocin EcoBoost, kuma yana ƙara matsi fiye da abin da aka zana injin a kai.

Mataki na takwas: riƙon motar bayan an saya

Baƙin mai shi ne kan gaba. A yi amfani da kaurin da aka rubuta a murfin injin, misali 0W-20 ga Tundra da 5W-30 ga EcoBoost na F-150, kuma ya zama mai darajar API SP ko sama da haka, ko dexos1 ga motocin General Motors. Dalilin shi ne ƙananan injunan turbo masu fesa fetur kai-tsaye cikin silinda suna iya kama wuta kafin lokaci idan ana jan nauyi a ƙaramin juyi, abin da kan fasa fistin, kuma an gano cewa sinadaran wasu tsofaffin mayuka suna ƙara haddasa hakan. Al'adar zuba mai kauri irin 20W-50 da sunan ƙasarmu akwai zafi tana cutar da waɗannan injuna, domin man ba ya isa turbo da gilolin tayimin da wuri. A yi juye duk kilomita 5,000 zuwa 8,000 inda akwai ƙura da zafi da cunkoso, a kuma sayi man a wurin da aka tabbatar ba jabu ba ne.

Matacin iska yana biye. Ƙurar hunturu idan ta tsallake mataci tana cin bakin fankar turbo a hankali, don haka a duba shi a kai a kai, a sauya maimakon a yi ta busa shi da iska mai ƙarfi har ya yage. A lagireto a zuba ruwan sanyi irin wanda kamfani ya ambata, ba ruwan rijiya ba, domin yawancin sassan alminiyum ne. Kada a yarda bakanike ya cire na'urar daidaita zafin ruwa ko ya haɗa fanka kai-tsaye, domin kwamfutar injin tana lissafin fetur ne da zafin da take tsammani. Tundra da Hurricane suna sanyaya iskar turbo da ruwa ne a wata hanya ta daban mai tankinta, kuma mutane kan manta da wannan tanki na biyu.

Game da fetur, lamba 87 ta ma'aunin darajar fetur na Amurka tana daidai da kusan 91 a ma'aunin da ake amfani da shi a yawancin ƙasashe, kuma gurɓataccen fetur na bakin titi yana lalata famfon matsi da nozul masu tsada. Fulogi yana saurin gajiya a injin turbo, don haka ina ganin sauya shi a kusan kilomita 80,000 zuwa 100,000 ya fi jiran wa'adin littafi. Injunan da ke fesa fetur cikin silinda kaɗai, kamar EcoBoost na farko da TurboMax da Hurricane, gawayi kan taru a bayan bawul ɗinsu saboda fetur ba ya wanke wurin, kuma maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa can, sai an kwance an kankare.

Da safe a ba inji rabin minti, sannan a tafi a hankali har ya ɗumama kafin a matsa masa. Bayan doguwar tafiya da gudu ko jan tirela, a bar shi a silo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, domin man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi kan ƙone ya toshe hanyarsa.

Mataki na tara: a auna motar da aikin da za ta yi

Sauƙin man da ake yi wa injin turbo talla da shi yana samuwa ne idan motar ba ta da kaya. Da zarar an ɗaura tirela mai nauyi, turbo zai wuni yana aiki, shan man kuma ya kamo na silinda takwas ko ya kusa. A gefe guda, a wurare masu tudu inda iska ke da ƙaranci injin turbo ba ya rasa ƙarfi kamar wanda ba shi da shi, kuma yana ba da jan nauyi tun daga ƙaramin juyi. Wanda zai riƙa jan kaya kullum ya rage tazarar juyen mai, ya kuma sa ido a kan zafin giyabos.

Kafin a biya kuɗi, a je kasuwar kayan gyara ta garin da motar za ta zauna a tambayi farashin turbo guda, da famfon fetur mai matsi, da kayan tayimin, da tsawon lokacin da odarsu ke ɗauka. A kuma nemo garejin da ke da na'urar binciken wannan kamfani da abin ɗaga mota, domin wasu ayyukan, kamar sauya inji a sabuwar Tundra, ana yinsu ne bayan an ɗage kan motar gaba ɗaya daga kan shasi.